Minti biyar bayan allurar hoto: abin da ke faruwa a jini idan ruwan kala ya juye wa mutum

Shekara biyu da suka wuce na raka gwaggona hoton ciki a wani asibiti, irin hoton nan na siti sikan da ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura mai kama da ƙaton zobe. Kafin a shiga da ita aka sa mata kanula a hannu, wato ɗan bututun da ake sawa a jijiya don tura magani, nas ɗin ta ce Mama za mu tura miki ruwan kala ta nan, za ki ji ɗumi ya bi jikinki har ki ga kamar kin saki fitsari amma ba ki saki ba, bakinki kuma zai yi ɗanɗanon ƙarfe, kar ki damu. Gwaggo ta ce to 'yar nan Allah ya yi miki albarka. Aka yi hoto aka fito da ita, muna zaune a benci ina laluben takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashi, sai na ga tana ta murza tafin hannunta a gwiwa, daga nan ta koma susar wuya, can sai ta ce min ɗan nan harshena fa ya yi nauyi. Muryar da ta yi maganar da ita ba tata ba ce, ta dushe kamar wadda ta kwana tana tari. Na ɗaga mayafinta na ga wuyan ya yi rudu-rudu, ba ja ba, don fatarmu ba ta cika nuna jan nan da ake gani a hotunan littattafan likitanci ba, tudu-tudu ne kawai kamar cinnaka sun yi mata taron dangi. Kan ka ce kwabo leɓe ya kumbura, numfashi ya fara fita da ƙara kamar usur.

Allah ya sa likitan da ke bakin aiki ya san abin da yake yi. Ya sa aka kwantar da ita aka ɗaga ƙafafunta, ya caka mata allura a cinya ta saman zani ma, aka sa mata iskar oksijin aka ɗaura ƙarin ruwa, bayan wasu mintuna ya ƙara mata ta biyu, a hankali ta dawo. Abin da ya tsaya min a rai ya faru ne washegari da za a sallame mu, na duba katinta na ga an rubuta wai tana da alajin aidin, wato jikinta ba ya karɓar aidin, wata ma'aikaciya kuma ta ce mata ta daina cin gishiri mai aidin da jatan lande har abada. Sunan ruwan da aka tura mata kuwa babu shi a ko ina a katin. Wannan ne ya sa na zauna na bi maganar daga tushe, kuma abin da na gano shi ne abin da muke kira alajin kala ba abu ɗaya ba ne, kuma aidin ɗin da aka rataya wa jakar tsaba ba shi da laifi ko kaɗan.

Da farko dai ruwan hoton nan ba rini ba ne, idan ka gan shi a kwalba fari ne tas kamar ruwan sha sai dai yana da ɗan kauri. Ana ce masa kala ne saboda yana sa jijiyoyi da ƙoda da hanta su fito fari ƙal a hoto. Kowace ƙwayarsa zobe ne na sinadari da aka ɗaure wa aidin guda 3 tamau, aidin kuma nauyi gare shi, yana tare hasken eksire ya hana shi wucewa. Kuma ba kaɗan ake turawa ba, a hoton ciki ɗaya ana iya tura mililita 100 na ruwan da kowane mililita nasa ke ɗauke da miligiram 300 na aidin, wato giram 30 kenan cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu, kai tsaye cikin jijiya. Da wuya ka samu wani magani da ake zuba wa mutum da yawa haka da sauri haka. Ƙoda ce ke tace shi, yawancinsa ya fita a fitsari cikin kwana ɗaya. Akwai kuma na hoton MRI da ake yi da gadoliniyam, da ruwan ɗorawa mai sheƙi da likitocin ido ke turawa don duba jijiyoyin bayan ido musamman ga masu ciwon suga, da kuma rini na gaske shuɗi da ake amfani da shi a tiyatar sankarar mama.

To duk waɗannan, idan za su tayar da hankali, yawanci irin ƙwayar halitta ɗaya ta jikinmu suke taɓawa. Abin mamakin ma rini ne ya fara tona asirin ƙwayar. A 1878 wani ɗalibin likitanci Bajamushe, Paul Ehrlich, yana gwada rinin masaƙa a kan yankakken naman jiki, sai ya ga wasu ƙwayoyi zaune a gefen jijiyoyin jini cike taf da ɗigo-ɗigo da suka sha rinin. Ya zaci abinci suka tara, sai ya sa musu suna da Jamusanci mai ma'anar waɗanda aka turke aka ciyar, kamar dai ragon layya, daga nan sunan mast da likitoci ke kiransu ya fito. Ni zan riƙa ce musu ƙosassu. Ba abinci ba ne a cikinsu, makamai ne. Suna zaune a fata, da hanci, da maƙogwaro, da huhu, da hanji, da kewayen jijiyoyi har da na zuciya, wato duk mashigar da baƙon abu zai iya bi, kamar 'yan sintirin unguwa da aka ajiye a bakin kowane lungu. Aikinsu na asali mai kyau ne, idan tsutsar ciki ko dafin kunama ko na ƙudan zuma ya shigo su fashe su zubar da abin da ke cikinsu a wurin, jijiyoyin wurin su buɗe, ruwa da sojojin jini su kwararo, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, majina ta zubo, hanji ya murɗa ya kori abin. Idan a wuri ɗaya ne ba komai, cizon sauro ma haka yake. Matsalar abin da aka tura ta jijiya ita ce cikin minti ɗaya ya zaga ko ina, sai duk 'yan sintirin gari su busa usur lokaci ɗaya.

Abin da suke zubarwa na farko shi ne sinadarin histamin mai jawo ƙaiƙayi da kumburi, sai tiriftes, sai hefarin, sannan nan take su fara ƙera wasu sabbi, lukotarayin masu matse hanyar iska fiye da histamin nesa ba kusa ba, da wani da ake kira PAF wanda ke da hannu sosai a faɗuwar jini. Jijiyoyin jiki duka su saki, bangonsu ya zama kamar rariya, ruwan jini ya tsiyaye ya shiga nama. An auna an ga har kashi 35 cikin 100 na ruwan da ke cikin jijiyoyi na iya fita cikin minti 10. Kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro da na gani a jikin gwaggo ruwan jininta ne da ya bar hanyarsa. Zuciya tana ta bugu da sauri amma abin da ke dawo mata bai kai ya kawo ba, kamar injin ban ruwa da rijiya ta ƙafe masa. Shi ya sa kwantar da mutum a ɗaga ƙafa ba ƙaramin abu ba ne. Wani likita a Manchesta ta Ingila, Richard Pumphrey, ya bi bayanan waɗanda suka rasu da wannan lalura, ya ga wasu sun faɗi ne daidai lokacin da aka zaunar da su ko aka tsayar da su, ɗan jinin da ya rage ya gangara ƙafa zuciya ta buga a wofi. Shi ne kuma a 2000 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka rasu, matsakaicin lokaci daga shigar abin zuwa tsayawar numfashi ko zuciya minti 30 ne idan abinci ne, minti 15 idan harbin ƙwaro ne, minti 5 kacal idan magani ne aka bayar a asibiti. Mu kuwa abin da muka saba, mutum na fara jiri sai a ce a tayar da shi a yayyafa masa ruwa a fita da shi ya sha iska. Idan numfashi ne ya fi tsananta ana iya barinsa ya kishingiɗa da ƙafa a miƙe, amma tsayuwa da tafiya a wannan hali haɗari ne.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa ƙosassun suka fashe, don ƙofarsu ba ɗaya ba ce.

Ƙofa ta farko ita ce alaji na gaske, wanda jiki ke riƙewa a ƙwaƙwalwarsa. Labarinta ya faro a 1901 a jirgin ruwan Yarima Albert na Monako, inda wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka fara binciken dafin halittun teku. Da suka koma Faris suka ci gaba a kan karnuka, suna so su yi musu rigakafi, a ba kare ɗan dafi kaɗan ya saba, bayan 'yan makonni a ƙara masa. Sai abin ya zo a juye, karen da ya sha na farko lafiya lau, ana yi masa na biyu ɗan mitsitsi ya faɗi yana haki ya mutu cikin mintuna. A 1902 suka sa wa abin suna anafilaksis, wato akasin kariya, Richet ya karɓi kyautar Nobel a kai a 1913. Amma abin da ke cikin jini da ke jawo haka sai a 1966 zuwa 1967 aka kama shi, miji da mata Japanawa masu suna Ishizaka a Denba ta Amurka, da Johansson da Bennich a Ufsala ta Suwidin, wani furotin ne na garkuwar jiki da ake kira IgE. Yadda yake aiki shi ne, karon farko da abu ya shigo, garkuwar jiki ta yi kuskuren ɗaukarsa maƙiyi, ta ƙera IgE daidai da siffarsa kamar yadda maƙeri ke yanka makulli daidai kwaɗo, waɗannan su je su maƙale a bayan ƙosassu su zauna jira, wata da watanni ko shekaru. Ranar da abin ya dawo ya haɗa biyu daga cikinsu, shikenan an ja kunamar bindiga. A wannan ƙofa yawan abin ba shi ne magana ba, ɗigo ma ya isa, kuma idan aka maimaita abu ɗaya akwai babban haɗarin ya sake faruwa ko ya fi na baya.

Sai dai akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, mutane da yawa da ruwan hoto ya kayar ba a taɓa yi musu shi ba, gwaggo ma karonta na farko kenan. To a ina jikin ya san shi? Wani misali daga Nowe ya buɗe ido. An lura masu faɗuwa a ɗakin tiyata saboda allurar sassauta tsoka sun fi yawa a Nowe nesa ba kusa ba a kan maƙwabciyarta Suwidin, da aka bi diddigi sai aka gano wani maganin tari ne mai sinadarin folkodin da ake sayarwa a Nowe, siffarsa ta yi kama da ta allurar, jiki ya ƙera IgE a kansa, ranar tiyata ya ɗauki allurar a matsayin maganin tarin. Aka janye shi daga kasuwa a 2007 kuma adadin ya ragu. Kaga kenan ba dole sai abin da kansa ya taɓa shiga jikinka ba, mai kama da shi ma ya isa.

Shuɗin rinin tiyata ya fi kowanne nuna wannan. Tun farkon shekarun 1990, Donald Morton a sankarar fata sannan Armando Giuliano a sankarar mama a 1994, suka kawo dabarar a yi allurar shuɗin rini kusa da ƙarin, rinin ya bi hanyar ruwan jiki ya je ya rina kaluluwar farko a hammata, likita ya cire ita kaɗai a gwada maimakon a kwashe duka hannun mace ya kumbura har ƙarshen rayuwarta. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Amma rinin, Patent Blue da ɗan uwansa aisosalfan, dangin wanda ake sawa ne a alawa da kayan kwalliya da yadi, Patent Blue ma lambarsa a kayan abinci E131, don haka ana ganin nan jiki ke fara haɗuwa da shi. A babban binciken da likitocin barci na Birtaniya suka fitar a 2018, wannan rini ne ya zo na huɗu a masu jawo anafilaksis lokacin tiyata, bayan magungunan kashe ƙwayoyin cuta da allurar sassauta tsoka da kuma kulohekzidin na wanke fata, kusan mutum 15 a cikin 100,000. Nasa yana da wuyar sha'ani, don a nama ake yin allurar ba a jijiya ba, sai ya ɗau minti 15 ko 30 kafin ya bayyana, mara lafiya tana barci an lulluɓe ta ba za ta ce tana jin ƙaiƙayi ba, rinin kuma yana ci gaba da tsotsuwa a hankali don haka faɗuwar jinin kan daɗe, ga shi yana ruɗa ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya nuna oksijin ya yi ƙasa ko da bai yi ba. Wani lokaci borin jinin ma shuɗi yake fitowa.

Ƙofa ta biyu babu ruwanta da sani ko rashin sani, ɓalle ta ake yi da ƙarfi. Ruwan hoton da aka fara amfani da shi sosai tun shekarun 1950, irin su Urografin da har yanzu ake gani a wurare da dama saboda arha musamman a hoton mahaifa, kaurin gishirinsa ya ninka na jini sau 5 ko fiye. Ka yanka albasa ko tumatir ka barbaɗa gishiri ka ga yadda yake zuƙo ruwa, haka yake yi wa ƙwayoyin jini da bangon jijiya, ƙosassu da 'yan uwansu da ke yawo cikin jini su yi yoyo ba tare da wani IgE ba. Wani likitan hoto ɗan Suwidin, Torsten Almén, shi ya damu da ihun da marasa lafiya ke yi idan ana tura musu shi a jijiyar ƙafa, a 1969 ya kawo shawarar a ƙera wanda ba ya rabuwa kamar gishiri idan ya narke, daga nan aka samu su Omnipaque da Ultravist, daga baya Visipaque wanda kaurinsa daidai yake da na jini. Bambancin ya fito fili a wani bincike da Katayama da abokan aikinsa suka wallafa daga Japan a 1990 a kan mutum 337,647. Da tsohon ruwa kashi 12.66 cikin 100 suka samu wata matsala, da sabon kashi 3.13. Mai tsanani kuwa kashi 0.22 a tsohon, 0.04 a sabon, wato mutum 4 a cikin 10,000. Ina so a riƙe wannan adadin, don ba na son wani ya karanta wannan rubutu ya ƙi hoton da zai gano masa ƙari ko toshewar jijiya, mafi yawan mutane ɗumin nan kawai suke ji su tashi su tafi gida.

A 2015 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa ƙosassu, musamman na fata, suna da wata ƙofar baya mai suna MRGPRX2 wadda magunguna da yawa ke buɗewa kai tsaye, irin su sifurofuloksasin da wasu allurai na sassauta tsoka, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya a ɗakin bincike sun nuna wasu ruwan hoton ma na iya taɓa ta idan sun yi yawa. Wannan ƙofa yawa da sauri take ji, kuma ba ta buƙatar haɗuwar farko. Akwai kuma wasu furotin da ke yawo a jini waɗanda idan baƙon abu ya taɓa ɗaya sai ya kunna na gaba kamar wutar kara, gutsattsarinsu biyu, C3a da C5a, su je su zunguri ƙosassu, da wata hanyar da ke samar da biradikainin mai kumbura leɓe da maƙogwaro wanda maganin ƙaiƙayi irin Piriton ba ya ko kallonsa.

Shekara da shekaru ana koyar da cewa duk matsalar ruwan hoto ta wannan ƙofa ta biyu ce, wai kama da alaji ne amma ba alaji ba. Wani bincike da aka yi a asibitoci da dama a Faransa aka wallafa a 2018 ya girgiza wannan magana. Da aka yi wa mutanen gwajin fata, a cikin waɗanda abin ya tsaya musu a ƙaiƙayi da ƙuraje kusan 1 cikin 10 ne kawai ke da alaji na gaske, amma a cikin waɗanda jininsu ya faɗi warwas sama da rabi ne. Wato gwargwadon tsanani gwargwadon yiwuwar IgE ne. A ganina nan ne zuciyar maganar, don abin da aka saba yi wa wanda ya taɓa samun matsala shi ne a ba shi furednisolon, maganin rage kumburi da kwantar da garkuwar jiki, awa 13 da awa 7 da awa 1 kafin hoto haɗe da maganin ƙaiƙayi, sannan a tura masa ruwan nan dai da ya kayar da shi. Wannan tsari an gina shi ne a zamanin tsohon ruwa, kuma idan makulli da kwaɗon IgE ne a jikin mutum ba a dogara da shi ya tare komai. Abin da ya fi aiki shi ne a canza ruwan, a 2025 ma ƙungiyar likitocin hoto da ta likitocin alaji na Amurka sun fitar da matsaya ɗaya da ta ɗora nauyi a kan canzawar. Kuma ba kowane canji ba, don wasu 'yan gida ɗaya ne, Visipaque kusan Omnipaque biyu ne aka haɗe, jikin da ya ƙi ɗaya yakan ƙi ɗayan. To yaya za a canza idan ba a rubuta sunan na farko ba?

Akwai hanyar gane ƙofar da aka buɗe. Histamin mintuna kaɗan yake yi a jini ya ɓace, amma tiriftes yana kaiwa ƙololuwa awa 1 zuwa 2 bayan faruwar abin, idan aka ɗebi jini a lokacin aka sake ɗiba bayan kwana ɗaya aka gwada, zai nuna ko ƙosassu ne suka fashe ko kuwa suma ce kawai ta tsoron allura, wadda ita bugun zuciya raguwa yake yi, mutum ya yi gumi mai sanyi ba ƙaiƙayi ba kumburi. Gwajin fata kuma ya fi kamawa tsakanin wata 2 zuwa 6, a ɗiga ruwan a ɗan tsaga fata, sannan a tsarma shi sau 10 a yi allurarsa a cikin fata, a gwada wanda ake zargi da wasu daban don a samo wanda jiki ya yarda da shi.

Aidin kuwa, wallahi zalunci ake masa. Jikin kowa yana da shi, ƙululun wuya da shi yake ƙera sinadarinsa, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwar yara, shi ya sa aka sa shi a gishiri. Garkuwar jiki ba ta ƙera IgE a kansa, ya yi ƙanƙanta kuma na gida ne, abin da take gani shi ne siffar zoben da rassan da ke jikinsa. Mai borin jini idan ya ci jatan lande ko ƙaguwa, wani furotin ne na tsokarsu mai suna turofomayosin yake yi wa, babu abin da ya haɗa shi da ruwan hoto, haɗarinsa bai wuce na mai alajin ƙwai ko gyaɗa ba. Wanda aidin ɗin wanke ciwo ke ƙona wa fata shi ma wata magana ce daban. Ka hana tsohuwa gishiri mai aidin saboda wannan, ka ɗora mata wata cutar ne a banza. Waɗanda ya kamata a sa wa ido su ne wanda ruwan ya taɓa kayarwa, sai mai asmar da ba ta lafa ba, sai mai wata cuta da ƙosassu ke yawa fiye da ƙima.

Wani nau'in kuma ba ya zuwa a benci, sai an koma gida, daga awa 1 har mako guda mutum ya ga ƙananan ƙuraje kamar na ƙyanda sun feso masa. Wannan ba ƙosassu ba ne, wasu sojojin ne da ake kira T, su sai sun taru sun yi shawara shi ya sa suke jinkiri. Yawanci yana bajewa da kansa ko da ɗan man shafawa, amma idan da zazzaɓi, ko baki da ido suka yi gyambo, ko fata ta fara saɓulewa, asibiti za a koma a ranar. Ga kuma wani da ya shafe mu kai tsaye, shuɗin metilin da ake amfani da shi a madadin Patent Blue a wuraren da ba a samunsa. Ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yi yawa a Afirka ta Yamma musamman a maza, mai shi idan aka ba shi wannan rini jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, ido ya yi ɗorawa fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Garkuwar jiki ba ta da hannu a ciki, kuma maganin alaji ba zai yi masa komai ba.

Duk wannan rarrabewar ta bayan an tsira ce. A cikin minti biyar ɗin nan ko ta wace ƙofa aka shiga magani ɗaya ne, allurar adirenalin, miligiram 0.5 ga babba a tsokar gefen cinya, a maimaita bayan minti 5 idan ba sauƙi. Shi kaɗai ne ke matse jijiyoyin da suka saki, ya buɗe hanyar iska, ya ƙara wa zuciya ƙarfi, ya kuma rufe bakin ƙosassun da ba su gama zubarwa ba. Abin da hannu ya saba kaiwa gare shi a wurarenmu kuwa haidurokotizon ne da Piriton. Haidurokotizon, ɗan uwan furednisolon, sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki ya canza abin da take ƙerawa, awanni yake ɗauka, ihu ne bayan hari, Piriton kuma histamin kaɗai yake tarewa ya bar lukotarayin da PAF suna ɓarna, zai rage ƙaiƙayi amma ba zai ɗaga jinin da ya faɗi ba. Tun 2021 ƙa'idar farfaɗo da marasa lafiya ta Birtaniya ta cire su biyun daga matakin farko. Mai shan irin su atenolol ko furofuranolol don hawan jini ko zuciya kuma ya faɗa tun kafin a sa kanula, don waɗannan suna toshe wurin da adirenalin ke kamawa, wani lokaci sai an haɗa da allurar gulukagon.

Bara aka sake buƙatar yi wa gwaggo hoto. Ta ce ita kam a bar ta da ciwonta, ta ga lahira da idonta sau ɗaya ya ishe ta. Na koma asibitin farko na yi kwana biyu ina sintiri har aka buɗe min babban littafin ɗakin hoto na ranar, aka samo sunan ruwan da lambar kwalbar, na rubuta a takarda na kai wa likitan da zai yi na biyun. Ya zaɓi wani wanda ba dangin wancan ba, ya ba ta magungunan share fage tunda nata ya yi tsanani, ya sa aka zuƙi adirenalin a sirinji aka ajiye a tire kusa da kanta kafin a tura komai. Bayan an gama aka bar kanular a hannunta ta zauna minti 30 nas tana leƙo ta, ni kuma idona na kan tafin hannunta. Ba ta sosa ba. Takardar nan yanzu tana cikin jakarta tare da katin asibiti, an naɗe ta a leda, gishirinta kuma tuni ta koma ci.